Gurbin da Babu a Fom

Takardar ta iso ofishinmu ranar Talata,
hatimi biyu, da sa hannun da ba ya karantuwa:
a ninka amfanin kowace kadada
kafin shekarar kuɗi ta rufe.
Oga ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙo mini.
Ya ce, kai ne malamin gona,
ga kuɗin man babur na kwana uku.

Na nufi Wurno da fom sittin a jaka.
A fadama na iske Modi Ladan tsugune
yana lallashin injin ban ruwa
kamar mai fama da yaron da ya ƙi kunu.
Na ce masa gwamnati na son albasa ta ninku.
Ya ɗago kai: "Miya za ta yi da ita?"
Muka yi dariya. Ya dai karɓi iri,
ya karɓi taki buhu biyu,
na ukun yana hanya, har yau yana hanya,
ya dangwala yatsa inda na nuna.

Kuma ya ninka. Wallahi ya ninka.
Shi da 'ya'yansa huɗu da ɗan ƙodago daga Gada,
asuba ta iske su cikin fangali,
magariba ta bar su can, laka har gwiwa.
Albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannun maƙeri,
ja jawur, tana tsaga ƙasa don ƙosawa.
Na ƙirga da kaina: bara buhu arba'in,
bana tamanin da uku.
Na ɗauki hoto, Modi ya gyara hula.

Ashe kowa ya ninka.
Goronyo ta ninka, Kware ta ninka.
Ranar kasuwa dillali ya taɓa buhu da ƙafa
ya faɗi kuɗin da bai biya man inji ba.
Motocin Kudu ba su shigo ba,
kwalbati ta karye tun damina.
Direba ɗaya da ya yi kasada ya zagayo
ya ce shinge sha ɗaya ya wuce,
huɗu ne kawai suka ba shi rasit.

Modi ya kwashe kayansa ya mayar rudu
ya ce zai jira farashi.
Bazara ba ta jira kowa.
Da na koma bayan sati uku,
wari ne ya fara amsa mini sallama.
Hajo, matarsa, na zaune bakin zaure
tana tsince masu rai daga cikin matattu,
idonta na ruwa, ban tambayi dalili ba.

"Malam," in ji Modi, "mun yi abin da anka ce.
Ina za ka rubuta wagga?"
Na juya fom gaba da baya.
Ga gurbin suna, ga na kadada,
ga na iri da taki da abin da aka girbe.
Wanda ya zana shi bai taɓa shaƙar ruɓaɓɓiyar albasa ba.
Na rubuta a gefe da fensir:
ma'ajiya, hanya, shingaye.

A taron bita, wani otal cikin Sakkwato,
an haska jadawali a bango,
layi ya miƙe sama kamar tsani,
tamanin da ukun Modi na ciki, aka tafa.
Na duba kwafin da aka raba mana:
injin hoto ya yanke gefen takarda.
Da aka kawo dafa-duka
na ture yankan albasar gefen faranti.

Jiya wata takarda ta iso, hatimi uku.
Na kai wa Modi. Bai miƙo yatsa ba.
Yana ɗaure karan rudu da sabuwar igiya,
ya ce, "Bana arba'in ni ka shukawa.
In an gyara kwalbati, ka dawo mu yi magana."